Ranar da Balki Mai Ɗanwake ta Durƙusa wa Jikarta

A Rijiyar Kadi, ƙauyen da ke gefen hanyar da ta tashi daga Tanut ta nufi Belbeji, ba a yi wa Balki mai ɗanwake sallama sau biyu. In ka yi ta farko ba ta amsa ba, ka kama gabanka, don ta biyun ita za ta jawo maka tarihin gidanku tun daga kan kakanka. Gajeriyar mace ce busasshiya, kullum ɗankwalinta a karkace kamar ta taso daga faɗa, kuma sau da yawa daga faɗan ta taso. Ta yi da matar liman, ta yi da mai injin niƙa, ta yi da makiyayan da ke kawo raƙuma rijiya. Har wani jandarma da ya tsaya sayen ɗanwake ya ce yajin ya yi yawa, sai da ta ƙwace kwanon daga hannunsa ta ce ya je uwarsa ta dafa masa.

Mutum ɗaya tak ke iya kallon tsabar idonta ya ce mata gyatuma, ta yi dariya har a ga giɓinta. Jikarta ce, Radiya, ɗiyar ɗanta na fari, wanda ba ta faɗin sunansa sai dai ta ce “wancan”. Wancan ɗin yana can arewa wajen haƙar zinariya, uwar yarinyar kuma ta yi wani auren a Tenhya. Ranar yaye aka kawo wa Balki ita, ba a kuma sake zuwa ɗaukarta ba. Tun bakinta bai iya “ruwa” ba ya iya “gyatuma”, ita kuwa Balki tana ce mata ƙafar fara saboda siraran ƙafafunta. Kwano ɗaya suke ci, suna ci suna zagin juna. Yarinyar ta ɓoye mata goro, ita ta ɓoye mata takalmi. Haka ake yi tsakanin kaka da jika ko’ina, duk abin da ya fito daga bakin ɗaya wasa ne, ba a fushi, ba a kai ƙara. Amma ga matar da ba ta da abokin dariya a duk faɗin gari, wannan wasan shi ne abin da ta mallaka. Da ka tambaye ta a lokacin, da ta rantse maka cewa abin da ta mallaka gindin aduwa ne.

Aduwar tana cikin filin lakwal, makarantar bokon ƙauyen, dab da ƙofa, ita kaɗai ce inuwar kirki a wurin. Balki ta riga ginin makarantar zuwa. Tun ana karatu a rumfar zana take dasa tukunyarta a nan, shekara goma sha tara ke nan. Malamai sun zo sun tafi, wasu da kuka, ita tana nan. Ƙarfe goma in an buga ƙarfen hutu, yara su kwaso a guje, ta zuba ɗanwake a ƙananan kwanoni, ta yarfa mai, ta barbaɗa yaji. Wanda ya gama ya miƙo kwano, ta tsoma shi a roba, ta kaɗa, ta zuba wa na gaba. Roba ɗaya ce, ruwa ɗaya ne, tun safe har a tashi. Kafin azahar ruwan nan ya yi kauri ya koma launin ƙasa, ƙudaje suna shawagi a kai.

Kada wani ya ce ƙazanta ce ta haihuwa. A Falanko aka haife ta, gidan mai jan rijiya. Ubanta da sa yake jan guga, kuma rijiyar ƙasar Damargu ba ta wasa ba ce, san yakan yi tafiya da igiya har sai an ɗaga murya kafin mai korarsa ya ji ya juyo. Tana shekara bakwai ta yi tuntuɓe da tulu, ruwan ya bi rairayi, ubanta ya zane ta da guntun igiyar gugan, tabon yana nan a ƙaurinta. A gidansu ruwan da aka wanke gero na awaki ne, na alwala a kan kwano ake yi a ba kaji, na wanka a tare shi a yi kwaɓin ƙasa. Ta auri Safiyanu, mai gyaran rijiya, ya kawo ta Rijiyar Kadi, wata rana ƙasa ta rufta da shi a cikin aikinsa. Tun daga nan duk wanda ya zubar da ruwa mai sauran amfani a gabanta, ji take kamar ya taka kabarin mijinta.

Sai aka kawo wa lakwal sabuwar darakta, Madam Hulda, mutuniyar Damagaram, doguwa mai magana a hankali, wadda ke hawa babur ran Lahadi ta tafi coci Tanut. Balki ta tsane ta tun ranar farko, don ta lura ba ta jin zafin zagi, kuma babu abin da ya fi ɓata mata rai irin mutumin da ba ya ramawa. A bazarar da ta wuce gudawa ta kwantar da yara da dama, likitan da ya zo ya ce a lura da abin da suke ci. Madam ta tara ɗalibai ta ce za a kafa gwamnatin makaranta. Yara za su zaɓi shugabansu da ministoci, na ruwa, na wasanni, na itatuwa, na lafiya da tsabta, kowa da aikinsa. Aka yi zaɓe a fili, mai neman kujera ya tsaya ya juya baya, masu sonsa su yi layi a bayansa. Layin Radiya ya kai har bakin shinge. Tana aji biyar, shekararta goma sha ɗaya, aka rataya mata koren ƙyalle a kafaɗa, aka ba ta usur da littafi, ta zama ministar lafiya da tsabta.

Balki ta yi dariya a ranar har ta ƙware. “Minista! Ke da har bara kike jiƙa mini tabarma? To ranar da za a ba ki mota ki faɗa mini, in zo in ga yadda ƙafar fara ke taka birki.”

“Ba zan ɗauke ki ba, gyatuma, kar ki cika mini mota da warin daddawa,” in ji Radiya. Suka ci tuwonsu.

Dokar da yaran suka yi wa masu sayar da abinci gajera ce. A rufe abinci, a wanke kwano da sabulu a roba ɗaya, a ɗauraye a ta biyu, a zubar da ruwa in ya yi datti. Don kada a ce babu ruwa, ministan ruwa zai ba kowace mai talla jarka guda daga famfon lakwal kowace safiya. Gargaɗi uku ne, bayan na uku sai a fitar da mace bayan shinge wata ɗaya. Wadda ta fara faɗawa ita ce Lantana mai awara, wata ƙatuwar mata da ta shekara takwas tana zaune a rana tana hararar inuwar aduwa. Ranar da Radiya ta hura mata usur na uku, Balki ta yi guɗa. Ta bi Lantana har ƙofa tana tafi tana cewa hukuma ta yi aikinta, a gaida hukuma. Jarkar da ake ba ta kuwa, kullum sai ta karɓa da hannu biyu, ta ɗora a ka in an tashi, ta kai gida ta juye a randa. Ruwan famfo garai-garai, a ce a wanke kwano da shi a zubar? Ba da ita ba.

Lantana ta cika watanta ta dawo da robobi biyu da farin ƙyalle a kan tirenta, da kuma idanu biyu da ba su da aiki sai kallon robar Balki. Ba ta yi magana da tsohuwar ba. Sai ta tare Radiya.

“Minista, ashe dokar taku tana da kaka?”

Washegari da hutun ƙarfe goma Radiya ta zo gindin aduwa da ƙyallenta a kafaɗa. Ta tsaya, ta hura usur a hankali.

“Kaka, ruwan nan ya yi datti, ki canza shi. Ki rufe tukunyar kuma. Gargaɗi na farko ke nan.”

“Ku ji mini ƙafar fara!” Balki ta ɗaga murya don yaran da ke layi su ji. “Da ruwan da bai kai wannan kyau ba na wanke miki kashi, ga ki nan ba ki mutu ba.”

Yara suka fashe da dariya. Radiya ta buɗe littafinta ta yi rubutu, Balki ta miƙa mata kwano ta ce minista ta ci ta ƙara ƙiba. A ranta ta ji daɗi, ta ce yarinyar nan ta iya wasa, har da littafi.

Bayan kwana uku aka yi na biyu. Wannan karon Radiya ba ta hura usur ba, ta matso kusa ta rage murya.

“Wallahi Kaka ba wasa nike ba. Na biyu ke nan. Saura ɗaya.”

“Yo wa ya taɓa yin wasa ya ce wasa yake? Ranar da kika ɓoye mini goro a cikin takalmi ba haka kika rantse ba?”

Gaskiyar Balki ke nan, kuma nan ne masifar take. Shekara goma yarinyar tana ce mata “wallahi ba wasa nike ba” da fuska a murtuke, sannan ta fashe da dariya. Babu kalmar da ta rage a bakin Radiya wadda ba ta riga ta ɓata da wasa ba. Da la’asar a gida ta sake gwadawa. Ta zauna kusa da murhu ta ce Lantana tana kallo, yara suna cewa tana son kai, in ba ta yi ba za a tsige ta a gaban kowa. Ta ce ita za ta riƙa wanke kwanonin kafin ta shiga aji, a dai bar jarkar a can. Har hawaye ya zubo mata. Balki ta leƙa fuskarta, ta tafa hannu.

“Yau kuma wasan kuka aka koyo a lakwal? Kai, Madam tana ƙoƙari. Share majinar ki miƙo mini muciya.”

Ran Litinin aka taru ɗaga tuta. Yara sun yi layi aji-aji, malamai a gefe, masu talla suna jera kayansu. Bayan an rera taken ƙasa, shugaban ɗalibai ya ce ministar lafiya tana da sanarwa. Radiya ta fito. Daga gindin aduwa Balki tana hango siraran ƙafafun nan, har ta shirya abin da za ta ce mata a kai in an tashi.

“An yi gargaɗi na uku ran Juma’a,” in ji yarinyar, idonta a kan littafi. “Ba a gyara ba. Saboda haka Malama Balki mai ɗanwake za ta fita bayan shinge wata ɗaya, daga yau.”

Malama Balki. Ba Kaka ba, ba gyatuma ba. A nan ne maganar ta shiga kunnenta, a gaban yara ɗari biyu da malamai biyar da Lantana. Ta jira dariya ta biyo baya, ba wanda ya yi. Ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba tun ranar tulun Falanko, kunyar kuma nan take ta juye ta zama wuta. Ba ta yi zagi ba, abin da ya fi ba mutane tsoro ke nan. Ta naɗe gammo, ta ɗora tukunya da zafinta, ta rungumi robar da kwanoni, ta fita. Kafin ta kai ƙofa Lantana ta riga ta ja tirenta cikin inuwa.

Ta fara da Madam Hulda. Ta shiga ofis ba sallama.

“Ke baƙuwa, a garinku yara ne ke korar waɗanda suka goya su? Kin zo kin ɗora wa ƴar mutane tsumma a kafaɗa kin ce ta ci mutuncina?”

“Iya, zauna mana,” in ji Madam. “Dokar nan yaran ne suka yi da kansu, kuma ke kika yi guɗa ranar da ta faɗa kan Lantana. In na sa baki yau, gobe ba wanda zai ji maganar Radiya. Wata ɗaya ne. Ki dawo da roba biyu, wurinki na nan.”

Balki ta wanke ta tas, tun daga takalminta har zuwa babur ɗinta, Madam tana gyaɗa kai kamar ana karanta mata wasiƙa. Daga nan ta wuce ƙofar maigari. Dattawa suna zaune a rumfa, ta zayyana musu komai, ta ce tana son a tsige yarinyar a kuma ja mata kunne a bainar jama’a. Maigari ya yi ta dariya har rawaninsa ya zame.

“Haba Balki! Jika ce fa. Yaushe aka fara shari’a tsakanin kaka da jika? Je ki rama, ki ɓoye mata usur ɗin.”

Dattawa suka taya shi. Ta tsaya tana kallonsu, tana jin kamar ta watsa musu ƙasa. Wato duk abin da yarinyar ta yi mata ya tafi a banza, tunda jika ce. A hanyar gida ta yanke shawara, kuma wallahi da ta zane yarinyar da igiya da ya fi sauƙi. Ta ce tunda jika ba ta laifi, to daga yau babu jika.

Da Radiya ta dawo daga lakwal, ta tsaya a bakin ƙofa tana raɓe-raɓe, tana jiran zagi. Sai ta ga an share tsakar gida, an shimfiɗa sabuwar tabarmar da ake ajiye wa baƙi, an ajiye tuwo a kwano mai murfi na mutum ɗaya.

“Sannu da zuwa, ranki ya daɗe,” in ji Balki. “Ga abinci nan. In bai yi ba a yi haƙuri, gidan talaka ne.”

Yarinyar ta yi murmushin jin sauƙi, ta ɗauka sabon wasa ne. “Gyatuma, yau kuma me aka sha?”

“Ruwa ne, ranki ya daɗe. Mai tsabta.”

Ta ɗauki nata kwanon ta koma bayan ɗaki ta ci ita kaɗai. Haka aka yi washegari, haka aka yi jibi. Da safe ita ke fara gaishe da yarinyar, ta tambaye ta kwanan iyali da gajiyar mulki. Ba ta ƙara aikenta ko ɗebo wuta ba. Radiya ta ɓoye mata goro, Balki ta je ta sayo wani. Ta kankare ƙanzon tukunya ta cinye a gabanta, abin da a da sai an zagaya gida da muciya, Balki ta ce, “A ƙaro ne, ranki ya daɗe?” Ta sa mata ƙadangaren roba a cikin zane, tsohuwar ta ɗauke shi da hannu biyu ta mayar mata ta ce ga kayan hukuma an manta. Wancan ya bugo waya daga arewa, yarinyar ta yi masa kuka, ya ce a ba shi tsohuwa. Balki ta ce masa ita ba ta zagi kowa ba, ba ta daki kowa ba, ya tambaya ya ji. Kuma gaskiya ne.

Watan ya cika. A bayan shinge rana ta gasa ta, cinikin ma rabi ne, don ba a barin yara su fita sai an tashi. Ta dawo da robobi biyu da sabulu da faifai a kan tukunya, ta tarar Lantana ta baje a gindin aduwa kamar a nan aka yanke mata cibiya. Lantana ta ce wanda ya tashi ya tashi. Aka yi cirko-cirko, yara suka kewaye su, aka kira ministar lafiya. Radiya ta zo, ta rame, ƙyallen yana zamewa daga kafaɗarta. Ta ce doka wata ɗaya ta ce, ba ta ce a ƙwace wuri ba, Lantana ta koma inda take. Ta faɗa da ƙarfi, sannan ta juyo ta kalli kakarta da ido irin na mai jiran a ce masa ya isa haka.

Balki ta sauke tukunyarta. Ta gyara zane. Sannan tsohuwa mai shekara sittin da wani abu ta durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, a gaban yarinyar da ta yi wa yaye.

“Na gode, ranki ya daɗe. Allah ya ja zamanin hukuma.”

Wata malama ta ce innalillahi ta rufe baki. Lantana kanta, da duk haushinta, sai da ta ce, “Ke Balki, tashi, wannan ba kyau.” Radiya ta ja da baya kamar an watsa mata ruwan zafi, usur ya faɗi daga hannunta, ta ruga bayan aji. Balki ta miƙe ta karkaɗe gwiwa, ta zuba ruwa a robobinta biyu. Daɗi ta ji, kada a ɓoye. Ta ji ta rama har da ƙari.

Da yamma tsofaffin unguwa uku suka zo mata, har da matar liman da ba su ga maciji da juna. Suka ce durƙuson babba ga ɗan cikinsa ba girmamawa ba ne, baki ne, ta janye tun bai bi yarinyar ba. Balki ta ce ita hukuma ta girmama, in laifi ne a kai ta wurin maigari, ai ya ce ba a shari’a tsakaninsu. Washegari Radiya ta ninke koren ƙyallen ta kai wa Madam Hulda da usur da littafi. Madam ta yi lallashi har ta gaji, yarinyar ta ce ba ta so. Ta dawo gida ta tsaya a gaban kakarta, kafaɗa ba komai.

“Kaka, na ajiye. Ni ba minista ba ce yanzu.”

A nan ya kamata a ce an gama. Balki ta sani, har bakinta ya ɗauko “ƙafar fara” ya kawo kan harshe. Sai ta tuna “Malama Balki” a gaban tuta, ta ce bari ta ƙara mata kwana biyu.

“Ai wanda ya taɓa mulki ba ya komawa talaka, ranki ya daɗe.”

Yarinyar ta ɗauki kwanonta mai murfi ta je ta zauna a tabarmar baƙi.

Kwana biyun nan su suka zama shekara da rabi. Balki ta ce za ta bari da ƙaramar salla, salla ta zo ta wuce. Ta ce sai an yi girbi. Abin da take jira ƙanƙane ne, yarinyar ta sake ce mata gyatuma sau ɗaya, ita kuwa ta yi kamar ta manta ta rama, shi ke nan. Ba za a ce ita ta fara saukowa ba. Ta riƙa barin goronta a fili inda hannu zai kai. Ta riƙa barin ƙanzo mai kauri a tukunya ta fita ta ba shi wuri. Ta dawo ta tarar da goro inda yake, tukunya a wanke. Radiya ta zama yarinyar da kowace uwa a garin ke misali da ita. Tana gaisuwa a durƙushe, tana shara ba a sa ta ba, ba ta ɗaga ido, ba ta dariya a gida. Ta daina cewa Kaka, ta koma cewa Inna, yadda ake ce wa kowace tsohuwa a hanya. Gidan ya yi shiru har Balki tana jin motsin awakin maƙwabta, kuma ta tsani shirun nan fiye da yadda ta taɓa tsanar Lantana.

A gindin aduwa kuwa komai ya daidaita. Sabon ministan lafiya bai taɓa samun abin rubutawa a kanta ba. Tana canza ruwa sau uku kafin a tashi, kowane karo ranta na suya.

Radiya ta gama aji shida, ta ci jarrabawa, aka ba ta kolej a Tanut, za ta zauna gidan wata ƙanwar uwarta. Ranar tafiya da hantsi motar kasuwa ta tsaya a bakin hanya, an labta mata buhuna da awaki. Balki ta rako ta ɗauke da ƙullin ƙuli-ƙuli da yaji da ta kwana biyu tana haɗawa. Mutane sun taru, Madam Hulda ma ta zo. Aka ɗora akwatin, direba ya ce a hau. Yarinyar ta tattare zane za ta taka taya, siraran ƙafafun nan suka fito, sun ƙara tsawo amma ba su ƙara komai ba. Wannan karon Balki ba ta tsaya shawara da girman kanta ba.

“Ke ƙafar fara!” ta ce da ƙarfi. “Ki taka a hankali kar ki karye musu a mota, a ce mu biya tsinke. Mummuna kawai. Wa zai kalle ki a Tanut?”

Ta tsaya baki buɗe, giɓi a waje, tana jira. Ta san amsar, har ta shirya dariyar.

Radiya ta sauke ƙafarta daga kan taya. Ta juyo, ta zo gabanta, ta durƙusa har ƙasa, ta sunkuyar da kai.

“Ki yi haƙuri, Inna. Ban san na yi laifi ba. Allah ya huci zuciyarki.”

Balki ta leƙa fuskar tana neman inda dariyar ta ɓuya. Ta duba gefen baki, ta duba ido. Babu komai a wurin sai ladabi.

“Ke, wasa nike,” ta ce a hankali. “Wallahi wasa nike.”

“To, Inna,” in ji yarinyar. Ta karɓi ƙullin da hannu biyu ta yi godiya, ta hau mota.

Matan da ke wurin suka yi ta yaba tarbiyya, wata ta ce wa Balki ta iya riƙo, Allah ya ba kowa jika irin wannan. Ba ta zage ta ba. Ta tsaya har motar ta shige bayan tudu, sannan ta koma lakwal, don an kusa buga ƙarfen hutu kuma ta bar tukunya a rufe. Ruwan robar farko ya ɗan yi duhu, da sauran amfaninsa. Ta ɗaga shi ta juye a gindin aduwa, ta tsaya tana kallon rairayi yana shanyewa.